Tabon Bai Kai Tsagar Gobirawa Ba

Zuwa ga Tanti Zeinabu,

Assalamu alaikum. Ki taimake ni, don girman Allah ki taimake ni. Na fara da roƙon tsirara, ba riga ba hula, domin in na bar alƙalamina ya bi halinsa, zai yi miki shimfiɗa mai tsawon kogin Isa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, kuma ina tsoron lokacin shimfiɗa ya wuce.

Ni ɗalibi ne a sashen shari'a na jami'a, mazaunin unguwar Kirkissoye a Yamai. A fadarmu ta shayi abokaina sun naɗa ni Sarkin Zance, sarautar da ban nema ba amma ban ƙi ba. Ni ne mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa, sai ya ce ana roƙon majalisa mai alfarma ta dubi halin ƙishirwar da talaka ke ciki. Yau ga sarki a ƙofarki, rawani a hannu, baki ya mutu.

Ni ne ɗan farin mahaifiyata. Mutuniyar Tibiri ce, Bagobira ta asali mai tsage har kunne, kuma tana riƙe da alkunya irin ta mutanen da. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta kallon idona, ba mu zama tabarma ɗaya. In tana son in ci abinci, ƙofa take gaya wa cewa akwai tuwo a rufe in akwai mai ci. In ta matsu ƙwarai sai ta ce “mai dogon bakin nan”. Ni kuma tun ina ƙarami na samo tawa dabarar: randar da ke tsakar gidanmu nake yi wa jawabi. Sai in tsaya gabanta in gyara murya, in ce ya ke randa mai daraja, a sanar da hukuma cewa takalmin talaka ya tsinke. Inna ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya, washegari in tarar da sabon takalmi a bakin ɗakina. Haka muka yi zamanmu, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba. Mahaifina ya rasu da daɗewa. Ƙanwata Jamila, auta, wadda ita kaɗai Inna ke buɗe wa ciki, tana aure a Damagaram da tsohon ciki.

Inna ta yi shekaru tana sarin salati da tumatir a lambunan Goudel, tana ɗaukar kwando a ka. Da wannan kwandon aka yi mini lakwal, wato karatun boko. Bayanta ya gaji. Ciwon ya fara a ƙugu, ya gangara ƙafar hagu, har ta kai ba ta iya tsayuwar salla sai ta dafa bango. An yi allurai, an sha ƙwayoyi, an je wajen masu motsa jiki na asibiti, duk a banza. Hoton sikaner ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan gadon bayanta na ƙasa ya zame kan ɗan'uwansa yana danne jijiya. A wata kilinik da ba zan ambata ba aka ce akwai aiki na zamani, kuma akwai baƙon likita da yakan zo lokaci lokaci ya yi shi tare da na gida. Ba a tsaga baya gaba ɗaya. Ƴan ƙofofi biyu ake yi, ta nan a zura bututu, a cire guringuntsin da ya lalace tsakanin ƙasusuwan biyu, a sa wani ɗan abu a gurbinsa, a ɗaure da ƙusoshi da sandunan ƙarfe, har ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya.

Da yake ni ne mai jin Faransanci a gidan, ni likitan ya zaunar. Ba zan zalunce shi ba, Tanti, ya faɗa mini komai. Ya ce ƙaramar ƙofa ba ta nufin ƙaramin aiki. Ya ce ƙusa na iya kaucewa ta taɓa jijiya, jakar ruwan da ke lulluɓe da jijiyoyin na iya hujewa, ƙwayoyin cuta na iya shiga, jini na iya daskarewa a ƙafa, ƙashin kansa na iya ƙin haɗewa. Ya ce ƙashi watanni yake ɗauka kafin ya kama, kuma kafin nan babu sunkuyo, babu ɗaukar kaya, babu murɗa jiki, kuma ɗamarar bayan nan da suke kira korse ba a cire ta sai ya ce. Daga ƙarshe ya dafa hannuna ya ce in ƙafa ta fara rauni, ko wurin zama ya mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada a kwana da ita a gida.

To, Tanti, ke uwa ce. Wane ɗan fari ne zai dubi fuskar mahaifiyarsa ya furta mata kalmar fitsari? Da aka yi aikin muka dawo gida, na yi abin da na iya. Na tsaya gaban randa, tsakar gida cike da mata ƴan dubiya, na ayyana dokar ta-ɓaci a faɗin masarauta. Na haramta turmi, na kori tsintsiya daga aiki, na yanke wa kwando hukuncin gudun hijira. Mata suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Da na iso kan maganar ƙarshe, wadda ita ce uwar maganganun, harshena ya noƙe. Sai na ce in an ga wani sauyi a harkokin cikin gida a gaggauta sanar da hukuma. Aka tafa mini. Babu wanda ya fahimci komai, ni kuma na koma ɗaki ina jin na sauke nauyi.

Sai ga Fatuma. Maƙwabciyarmu ce, aminiyar Inna tun kafin a haife ni, kuma Bazabarma, don haka kin san abin da ke tsakaninsu: ba su gaisawa sai da zagi, kowace na kiran ɗaya baiwarta. Ta shiga ɗaki ta ce sai an nuna mata aikin da aka tayar wa unguwa hankali a kansa. Ta fito tana tafa hannu, muryarta har titi: “Wannan ne aikin? Baiwata, tsagar da ke kumatunki ta fi wannan tsawo! An yi miki waccan kina jaririya ba ki kwanta ba, sai wannan ɗan cizon sauro? Tashi ki dama wa uwargijiyarki fura!” Daga cikin ɗaki Inna ta mayar mata cewa ba a haifi Bazabarmar da za ta ga kwanciyar Bagobira ba. Aka yi shewa. Ni ma na yi dariya, Allah ya sani, domin rabon da in ji wannan ƙarfi a muryar Inna an daɗe.

Ba a yi nisa ba na tashi na tarar da korse rataye a ƙusa, tsakar gida share tas. Ta koma ruku'u da sujada cikakku. Ta daka yaji. Na je gaban randa na gabatar da ƙorafi mai ƙarfi, aka ce wa ƙofa a gaya wa mai dogon baki ya tafi lakwal. Abin da ya ƙara kashe mini hujja shi ne a makonnin farko lallai ta samu sauƙi. Tsohon ciwon ƙafar ya tafi kamar an ɗauke shi da hannu. Duk wanda ya zo sai ya yaba wa aikin zamani, ni kuwa na zama mai yi wa lafiya baƙin baki.

Yanzu ga abin da idona ke gani, kuma daga nan ba ni da sauran manyan kalmomi. Takalminta na hagu yana zame mata, ta ci gaba da tafiya a kan ƙasa mai zafi ba ta sani ba. Babban yatsanta yana jan layi a rairayin tsakar gida. In baƙi sun zo ba ta tashi raka su, ita da take raka mutum har bakin titi. Ta daina shan ruwa, a zafin Yamai ɗin nan. Igiyar shanya kullum cike da zannuwanta. Tana sake alwala tana sakewa, kuma turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakinta. Ni ba yaro ba ne, na haɗa lissafin, kuma lissafin ya fito daidai da maganar da na haɗiye.

Na koma gaban randa ba da wasa ba. Aka ce wa ƙofa wasa ya isa haka. Na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na durƙusa a bakin ɗakinta na ce Inna. Ta ja mayafi ta juya fuskarta bango, ni kuma na tashi na koma ɗakina da maganar a cikina. Na kira kilinik, baƙon likitan ya koma ƙasarsu, na gida ya ce a kawo ta yanzu a gani. In kawo ta yaya? Hannunta ban taɓa riƙewa ba tun da na yi wayo. Da ta ji ina maganar asibiti a telefon, sai ta gaya wa ƙofa cewa ba mai sake yanka ta, wai ta san wata mata da aka yi wa aikin baya sau biyu, har ta rasu ba ta sake takawa ba. Jamila ta kira, Inna ta ce mata lafiya lau. Ni kuma ina tsoron tayar wa mai ciki hankali. Ga shi Fatuma, da ta lura ƙawarta na ɗingishi, ta ce jini ne ya kwanta, za ta kawo wanzami ya yi mata ƙaho a baya ranar Juma'a.

Tanti, in keta alkunyar da ta gina tun ranar haihuwata, in faɗi abin da zai sa ta kasa sake zama gida ɗaya da ni? In yi mata ƙarya in ce magani kawai za mu karɓo? In kuma na kai ta aka sake aikin, abin da take tsoro ya faru, da wane ido zan rayu? Laifin likita ne, ko na tsintsiya, ko nawa? Na karanta dokoki masu yawa, ban ga sashen da ya yi magana a kan ɗan da ke kallon ƙafar uwarsa na mutuwa yana jin kunya ba. Kada ki yi mini dariya, kowa ya riga ya yi.

Naki cikin ruɗani,
Sarkin Zance na Kirkissoye, wanda zance ya ƙare wa

*

Ɗana Sarkin Zance,

Wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba. Wannan amsa na tura maka ita ranar da saƙonka ya iso, ta lambar da ka rubuto da ita, domin ba irin wadda ke jiran fitowar jarida ba ce. Ina buga ta nan saboda masu irin matsalarka.

Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wani likitan jijiya da ƙashin baya abin da ka rubuta, kuma bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ƙafar da ke ja, da rashin jin zafin ƙasa, da abin da igiyar shanya ta gaya maka, alamu ne cewa wani abu na danne jijiyoyi. Yau za a kai ta, ba gobe ba, ba bayan Juma'a ba. Ba sai baƙon likita ya dawo ba: ku nufi likitan kilinik ɗin da ya ce a kawo ta, ko sashen gaggawa na babban asibitin da ke da masu aikin jijiya. Ka tafi da duk hotunan ƙashi na radiyo da sikaner da takardun aikin farko. A sa mata korse, a ɗauke ta a mota, kada a hau da ita babur. Ƙaho da tausa kada su kusanci bayan nan, akwai ƙarfe a ciki da rauni da bai gama warkewa ba. Ƙin shan ruwan ma wata cutar ce ta daban, yana iya taɓa ƙoda.

Ka tambayi laifin wa. Ka ajiye shari'ar nan tukuna, ɗan lauya. Yana iya zama abin da aka sa ne ya goce saboda sunkuyo da daka. Yana iya zama ƙusa ce tun farko ba ta zauna daidai ba, ko kumburi, ko jini, ko ƙwayoyin cuta, abubuwan da kan faru har ga wanda ya bi kowace doka. Hoto ne kaɗai zai faɗa. Kada ka ɗora wa Inna, kada ka ɗora wa likita, kada ka kwana kana ɗora wa kanka. Wannan aiki ya tayar da mutane da yawa daga kwance, kuma kai shaida ne cewa ya ɗauke mata tsohon ciwon. Amma aiki ne babba da ya shiga ta ƙaramar ƙofa, mu kuwa da ido muke auna ciwo, in ba mu ga dogon ɗinki ba sai mu ce ba komai.

Tsoron Inna ba wauta ba ne. Aiki na biyu ya fi na farko wuya, kuma ba wanda zai yi maka alkawarin ƙafar za ta dawo yadda take. Sai dai jijiyar da aka danne ba ta jira. Iya daɗewarta a danne, iya abin da ake rasawa har abada. Wataƙila ita ma matar da Inna ke ba da labari an makara ne wajen kai ta. Kuma dubawa daban, yanka daban. A duba tukuna, a yi mata bayani da Hausa, ita da kanta ta ji, ta yanke da saninta. Kada ka yi mata ƙaryar karɓo magani. In ta gane a bakin asibiti, ka rasa amanarta a daidai lokacin da kake bukatarta.

Yanzu ga alkunya. Ba maƙiyiyarka ba ce, ita ce hanyar da mahaifiyarka ta iya nuna maka so, kuma ba sai ka rushe ta ba in akwai wata ƙofa. Akwai kuwa, katanga ɗaya ce tsakaninku. Bakin da ya tayar da Inna daga shimfiɗa shi ne zai iya sa ta cikin mota. Fatuma ba ta yi da mugunta ba, abin da idonta ya gani ta auna, kuma har yau ba wanda ya gaya mata gaskiya. Ka je ka same ta ita kaɗai. Babu majalisa, babu hukuma. Ka faɗa mata abin da likita ya faɗa maka kalma da kalma, har da fitsarin, ka gaya mata abin da ka gani a igiya. Abokiyar wasa tana shiga inda ɗa ba ya shiga, tana tambayar abin da ɗa ba ya tambaya, kuma Bagobira ba ta da ikon yin fushi da ita. Za ka ga yadda mai tsokana ke komawa in ta gane ƙawarta na cikin haɗari. Ka kira Jamila kuma. Ciki ba ya hana ɗiya jin halin uwarta, kuma ba za ta yafe maka ba in ta ji daga baya. A asibiti ka roƙi ma'aikaciya mace ta zauna da Inna, kai ka tsaya waje, don ta samu sakin baki. Batun salla kuwa, a nemi malamar da take jin maganarta ta tuna mata cewa marar lafiya yana yi a zaune, kuma larurar fitsari tana da nata sauƙin a addini.

In Fatuma da Jamila duka sun kasa kafin la'asar, to babu sauran zagaye. Ka koma bakin ɗakin nan ka durƙusa, ko ta juya bango ka faɗa wa bayanta, da ƙananan kalmomi irin na kowa. Barkwancinka ba zunubi ba ne, da shi ka riƙe gidanku, kuma za ta bukace shi a watannin jinya da ke gaba. Amma maganar likita ba a yi mata ado, yadda aka ba ka ita haka za ka miƙa.

Mai yiwuwa ta daɗe tana jin nauyinka. Ka ɗauka, ɗana. Gara ta yi fushi da kai tana tsaye da ƙafafunta, da ta yi ta sa maka albarka daga shimfiɗar da ba za ta sake tashi ba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya yi wa likitocinta jagora, ya sauki Jamila lafiya, ya saka maka da alheri. Yanzu ajiye telefon ɗin nan ka tsallaka gidan Fatuma.

Taka,
Tanti Zeinabu